Ceto ko Zaɓe? Tsugunar da 'Yan Gudun Hijira da Ficewar Ƙwararru daga Afganistan

 

Ranar 15 ga Agusta, 2021 mayaƙan Taliban suka shiga Kabul. Daga ranar zuwa 30 ga watan, jiragen Amurka da na ƙawayenta sun kwashe mutum sama da 120,000 daga filin jirgin saman birnin. Ana tsaka da wannan jigila, ranar 24 ga watan, kakakin Taliban Zabihullah Mujahid ya tara 'yan jarida ya nemi Amurka ta daina kwashe musu likitoci da injiniyoyi, domin ƙasar tana bukatarsu. Da yawa sun yi wa maganar dariya, tunda wanda ake gudu saboda shi ne yake kukan an gudu. Sai dai mummunan baki ba ya mayar da tambaya mai nauyi ta zama wasa. Idan ƙasa mai arziki ta buɗe ƙofa ta ɗauki 'yan gudun hijira, aka duba aka ga akasarin waɗanda suka samu shiga masu ilimi ne, shin ceto ta yi ko riba ta ci? Matsayin da zan kare a gabanku shi ne: ba a da ikon tsare kowa a ƙasar da yake tsoron ransa, komai tsadar iliminsa, amma kujerar ceto ta wanda ya fi shiga haɗari ce, kuma ƙasar da ta ɗauki ƙwararre don amfanin kanta ta ci bashi, bai kamata ta rubuta shi a littafin sadaka ba.

Mu fara da sanin girman ƙofar da muke magana a kanta. Wanda ya tsere daga ƙasarsa bai cika wuce maƙwabta ba. Kusan kashi biyu cikin uku na 'yan gudun hijirar duniya a ƙasar da ke maƙwabtaka da tasu suke zaune: 'yan Afganistan a Iran da Pakistan tun daga 1979, mutanen Darfur a gabashin Cadi, mutanen Borno a Minawao ta Kamaru da Diffa ta Nijar. Sake tsugunarwa shi ne a ɗauko mutum daga wannan mafaka ta farko a kai shi ƙasa ta uku da ta yarda ta ba shi zama na dindindin. Yarjejeniyar 1951 kan 'yan gudun hijira ta hana a mayar da mutum inda za a halaka shi, amma ba ta wajabta wa kowace ƙasa ta je ta ɗauko shi ba. Ganin dama ne, kowace gwamnati ita ke yanke adadinta duk shekara. Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 2.4 ne ke bukatar a tsugunar da su a 2024, waɗanda aka ɗauka kuwa ba su kai 200,000 ba, alhali shekarar tana cikin waɗanda aka fi taɓuka abin kirki. Sharuɗɗan da hukumar ke bi wajen tura sunaye sanannu ne: wanda aka azabtar, macen da ke cikin haɗari, yaron da ba shi da kowa, majinyacin da babu maganinsa a inda yake, wanda ake shirin tasa ƙeyarsa zuwa inda ya gudo. Babu digiri a jerin, kuma da gangan aka bar shi. Tunda kujerun kaɗan ne, duk kujerar da aka ba mutum saboda takardarsa, an karɓe ta ne daga wani da babu abin da zai nuna sai tabon jikinsa.

Hukumar ba ta kai ga wannan ƙa'ida ba sai da duniya ta ga abin da rashinta ke haifarwa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sansanonin Jamus da Ostiriya da Italiya sun cika da mutanen gabashin Turai da suka ƙi komawa gida. Daga 1947 ƙasashe suka fara aika jami'ai su zaɓa. Beljiyam tana neman mahaƙa kwal, Birtaniya tana neman masu aiki a masaƙu da gonaki da asibitoci, Ostireliya ta ɗauki kimanin 170,000 bisa sharaɗin kowa zai yi shekara biyu a duk aikin da gwamnati ta tura shi. Zaɓen kuwa irin na ragon layya ne: a buɗe baki a duba haƙori, a daddana damtse, a juya tafin hannu a ga ko yana da kanta. A ɗauki hoton ƙirji. Idan aka ga inuwar tarin fuka a huhun yaro guda, iyalin gaba ɗaya na iya komawa sansani su ci gaba da jira. Abin lura shi ne a wancan zamanin ƙarfi ake nema, don haka likita da lauya da malamin jami'a su ne ba sa samun kasuwa, har wasu kan ɓoye karatunsu su ce su leburori ne. Ostireliya ma ba ta wahalar da kanta ba, namiji ta rubuta shi lebura, mace ta rubuta ta 'yar aikin gida, ko me suka karanta. An tsugunar da sama da mutum miliyan ɗaya ta haka, kuma ba ƙaramin alheri ba ne ga waɗanda suka tafi. Amma tsofaffi da marasa lafiya da zawarawa masu ƙananan yara sun yi ta zama a sansanonin har ƙarshen shekarun 1950, sai da aka yi gangami na musamman a 1959 zuwa 1960 kafin a rage su. Jiya damtse ake dubawa, yau takardar shaida. Ma'aunin ne ya sauya, amma duk sanda aka bar bukatar mai karɓa ta yi zaɓe, mutanen da ake bari a baya ba sa sauyawa.

To, a Kabul wa ya samu fita? Manyan hanyoyin da aka buɗe galibi sun rataya ne a kan alaƙa da baƙi. A lokacin Amurka tana da biza ta musamman ga tafintoci da waɗanda suka yi wa sojojinta ko ofisoshinta aiki, Birtaniya tana da irin nata shirin, Kanada ta yi alkawarin ɗaukar 40,000, Jamus ta buɗe nata a Oktoban 2022. Kafin mutum ya shiga ɗayansu yana bukatar fasfo, da wasiƙar shaida daga Baturen da ya yi aiki a ƙarƙashinsa, da intanet, da Turancin da zai cike fom, wani lokaci har da wanda zai buga masa waya daga Washington ko Landan a ce a buɗe masa ƙofar filin jirgi. Wanda ke da waɗannan abubuwa, ko ba a faɗa ba, ɗan birni ne mai ilimi. A watan Satumban 2021 aka kori iyalan Hazara manoma daga gonakinsu a lardin Daikundi. Haɗarin da suke ciki bai gaza na kowa ba, amma babu fom ɗin da aka tsara dominsu.

A nan ne suka ta farko take shigowa, kuma suka ce mai ƙarfi. Za a ce ai a Afganistan ilimin ne ma ya jefa mutane cikin haɗari. Gaskiya ne. Akwai alƙalai mata sama da 200 a ƙasar. An harbe biyu daga cikinsu a Kabul a Janairun 2021, kuma da Taliban suka buɗe gidajen yari, mazan da waɗannan mata suka ɗaure saboda kisan matansu sun fito suna yawo. Tafinta da ɗan jarida da mai gabatar da ƙara duk sunayensu na rubuce a wani wuri. Ɗaukar irin waɗannan ceto ne tsantsa, ga tafinta ma biyan hakki ne, domin wanda ya sa ka aikin da ya jawo maka gaba shi ya fi cancanta ya fitar da kai. Ban ce kada a ɗauki mai ilimi ba. Abin da nake cewa shi ne dalilin ɗaukarsa ya zama haɗarin da yake ciki. Alƙaliyar da ake farauta da matar manomin da aka ƙone wa gida su shiga layi ɗaya, a auna su da ma'auni ɗaya. Inda aka saba shi ne inda hanyar shiga layin kanta ta zama jarrabawar Turanci.

Amma idan aka tambaye ni me ya fi kwashe ƙwararru daga asibitoci da makarantun Afganistan, ba zan sa jiragen Agusta a farko ba. Kafin faɗuwar gwamnati, kimanin kashi uku cikin huɗu na kuɗin da take kashewa daga tallafin waje yake zuwa. Rana ɗaya aka datse shi, aka kuma riƙe kusan dala biliyan 7 na babban bankin ƙasar a New York. Shirin Sehatmandi, wanda Bankin Duniya ke jagorantar biyan kuɗinsa, shi ke riƙe da cibiyoyin lafiya sama da 2,300. A Satumban 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 17 cikin ɗari ne kawai suke aiki yadda ya kamata. Likitan da ya yi watanni ba albashi, ba allura, ba man janareta, ba sai an aiko masa da jirgi ba. Da ƙafarsa zai nemi iyakar Iran ko Pakistan. Shaidar haka ita ce abin da ya biyo baya: da ƙungiyar Red Cross ta ƙasa da ƙasa ta karɓi biyan albashin ma'aikata kusan 10,000 a manyan asibitoci sama da 30 daga ƙarshen 2021, asibitocin sun ci gaba da aiki. Sai kuma hannun Taliban ɗin kansu. A Maris 2022 suka ƙi buɗe wa 'yan mata makarantu sama da aji shida, a Disamban 2022 suka rufe wa mata jami'o'i suka kuma hana su aiki da ƙungiyoyin agaji, a Disamban 2024 suka hana su karatun jinya da ungozoma. Gwamnatin da ta roƙi a bar mata likitocinta ita ce ta zaunar da rabin waɗanda za su gaje su a gida. Ƙwararre na iya ɓace wa ƙasa ba tare da ya ƙetare iyaka ba.

Suka ta biyu ta fito ne daga ɗaya ɓangaren. Masu ita suna cewa talaka ne ya biya kuɗin karatun likitan nan da harajinsa, don haka ƙasa na da ikon ta riƙe shi. An gwada wannan magani, kuma mun san sakamakonsa. Jamus ta Gabas ta yi asarar kimanin mutum miliyan 2.7 tsakanin 1949 da 1961, kusan rabinsu 'yan ƙasa da shekara 25, cikinsu da likitoci da injiniyoyi da malamai. Ranar 13 ga Agusta, 1961 ta fara gina katangar Berlin. Katangar ta tsayar da ficewar, amma da bindiga. Aƙalla mutum 140 sun mutu a gindinta, kuma da ta faɗi a 1989 gwamnatin ba ta kai shekara guda a bayanta ba. Tarayyar Sobiyet a 1972 ta ɗora wa masu digiri da ke son ƙaura, akasarinsu Yahudawa, harajin biyan kuɗin karatunsu, adadin da ya ninka albashin shekara sau da yawa. Matsin lamba ya sa ta daina karɓa cikin ɗan lokaci. Sashe na 13 na Kundin Haƙƙin Ɗan'adam na 1948 ya ba kowa 'yancin barin kowace ƙasa, har da tasa. Mu da muka san tarihin hijirar Sahabbai zuwa Habasha ba mu bukatar doguwar hujja a kan wannan, kuma ba a ruwaito Najjashi ya tambaye su sana'arsu kafin ya ba su mafaka ba. Ban faɗi wannan don nesa kaɗai ba. A 2023 wani ƙudiri ya tsallake karatu na biyu a Majalisar Wakilan Nijeriya, wanda ke neman a hana sabon likita cikakken lasisi sai ya yi aikin shekara biyar a gida. Yarjejeniyar da ɗalibi ya sa wa hannu da saninsa kafin a ɗauki nauyin karatunsa, ya yi aiki ko ya biya, wannan adalci ne. Riƙe takardar mutum don kada ya motsa kuwa ƙaramar katanga ce, kuma ba ta taɓa dalilin da ya sa yake son tafiya.

Suka ta uku ta masana tattalin arziki ce: wanda ya fita ba asara ba ne, yana aiko da kuɗi, wata rana kuma zai dawo da ƙarin ilimi. Akwai gaskiya a ciki. Bayan 2001 'yan Afganistan da yawa sun koma daga Turai da Amurka, Ashraf Ghani kansa daga Bankin Duniya ya dawo ya riƙe ma'aikatar kuɗi. Kuɗin da ake aikowa kuma yana ciyar da gidaje da yawa. Amma kuɗin yana sayen buhun fulawa, ba ya yi wa mace tiyata idan haihuwa ta zo da gardama a ƙauyen da babu mai iya yi. Sannan hujjar tana ɗauka cewa ilimin yana aiki a inda ya sauka, alhali sau da yawa ba haka ba ne. Khalid Payenda, wanda ya riƙe ma'aikatar kuɗin Afganistan har 'yan kwanaki kafin faɗuwar Kabul, bayan wata shida jaridu sun same shi yana tuƙa Uber a Washington. Babu aibu a neman halak, amma ku duba lissafin. Likitan da ya shekara 15 yana tiyata a Herat, a akasarin jihohin Amurka sai ya sake cin jarrabawa, ya sake neman gurbin horon asibiti na aƙalla shekara uku, a gasa da yaran da suka gama jiya. Kafin nan yana ɗaukar kaya a sito. Herat ta rasa shi, inda ya je ba su same shi ba.

Inda kuma aka bar ilimin ya yi aiki, sai mu ga wa ya ci ribar. Jamus tana da likitoci 'yan Siriya fiye da 5,000, su ne mafi yawa cikin likitocin waje a ƙasar; wasu da bizar aiki suka zo, wasu da neman mafaka, kuma galibinsu a Dimashƙu da Halab da sauran jami'o'in Siriya suka yi karatu. Da gwamnatin Bashar al-Assad ta faɗi ranar 8 ga Disamba, 2024, wasu 'yan siyasar Jamus suka fara maganar mayar da 'yan Siriya gida. Ba a yi kwanaki ba ƙungiyar asibitocin ƙasar ta yi gargaɗin cewa idan likitocin suka tafi za a ji a jiki, musamman a ƙananan garuruwa. A mako guda an ji murya biyu daga ƙasa ɗaya: ku koma, amma ban da ku masu farar riga. Ba na zargin Jamus da mugunta, ta karɓi 'yan Siriya kusan miliyan ɗaya lokacin da wasu suka rufe iyaka. Ina nuna cewa ƙasa mai arziki ta samu dubban likitoci da ba ta biya kuɗin ajinsu ba, daga ƙasar da aka ragargaza wa asibitoci.

Saura suka ta huɗu, ta 'yan siyasa, wadda ta fi sauran wuyar amsawa. Suna cewa masu zaɓe ba za su yarda a kawo baƙi ba sai sun ga amfaninsu. Idan ka nace sai marasa galihu za a ɗauka, ƙarshenta ba za a ɗauki kowa ba. Wanda ya ga yadda Amurka ta dakatar da shirinta na karɓar 'yan gudun hijira a Janairun 2025, 'yan Afganistan da aka riga aka tantance suka maƙale a Pakistan daidai lokacin da Pakistan ɗin take korar 'yan'uwansu tun daga ƙarshen 2023, ba zai raina wannan magana ba. Amma amsarta ba ita ce a cakuɗa ƙofofin ba, domin idan amfani ya zama hujjar ceto, ranar da aka ƙoshi da ma'aikata ceton ya ƙare. A buɗe ƙofa biyu, a ƙidaya su daban. Kanada ta fara gwada haka a 2018: ɗan gudun hijirar da ke da sana'ar da ake nema ya shigo ta hanyar ma'aikata, a sassauta masa sharuɗɗan da gudun hijira ya sa ba zai iya cikawa ba, kamar fasfon da ya ƙare ko kuɗin ajiya a banki, ba tare da an cire kujerarsa daga kason marasa galihu ba. Ostireliya da Birtaniya sun bi sahu a 2021. Shirye-shiryen ƙanana ne, amma tsarinsu daidai ne. Ma'aikaciyar jinya da ta fita ta ƙofar aiki ta bar wa gwauruwa mai 'ya'ya biyar kujerar ceto.

Wannan ya gyara rabon kujeru, bai biya bashin ƙasar da aka baro ba. Tun 2010 ƙasashen duniya suka amince da ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya kan ɗaukar ma'aikatan lafiya daga waje, kuma jerin da hukumar ta fitar a 2023 ya ƙunshi ƙasashe 55 da bai kamata a je ana farautar ma'aikatansu ba; Afganistan na ciki, haka Sudan da Nijeriya da Nijar. Ƙa'idar ba ta hana mutum tafiya da kansa ba, kuma ba ta da hukunci ga wanda ya saɓa, shi ya sa ake tsallake ta cikin sauƙi. Abin da zan so a ƙara shi ne lissafi a fili: duk ƙasar da ta ba ƙwararren ɗan gudun hijira lasisin aiki, ta sa kwatankwacin kuɗin horar da wani a ƙasarsa ko a maƙwabta. Za a ce yaya za a ba Taliban kuɗi? Ba sai an ba su ba. Red Cross ta nuna ana iya biyan ma'aikaci kai tsaye ba tare da kuɗin ya bi ta baitulmalinsu ba, kuma da ta janye daga yawancin asibitocin a 2023, ƙarancin kuɗi na cikin dalilan. Akwai kuma miliyoyin 'yan Afganistan a Iran da Pakistan, cikinsu da 'yan matan da za a iya biya wa karatun likita da jinya, a kusa da gida, cikin harsunan da suke ji.

Kuma abin na da gaggawa ta fuskar da ba a cika ambata ba. A 2002 ungozomomin da suka samu horo a duk faɗin Afganistan ba su kai 500 ba. Shekara 20 aka yi ana horar da 'yan matan karkara, shekara biyu kowane rukuni, a mayar da su garuruwansu, har suka kai dubbai, mutuwar mata wajen haihuwa ta ragu ƙwarai. A yankuna da yawa na ƙasar namiji ba ya duba mace, al'adar da ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Yanzu an rufe ajin. Duk ungozomar da ta tsufa, ko ta rasu, ko ta samu biza, babu mai maye gurbinta, kuma ko gobe aka buɗe makarantun, sai an fara da 'yan matan da aka tsayar a aji shida tun 2021, su gama sakandare tukuna.